Yadda Ake Shirya Hutun Aikin Gayya a Gana, Daga Neman Gurbi Zuwa Komowa Gida

Duk wanda ya tashi a karkara ya san gayya: a yi shela, samari su fito da fartanyu su nome gonar wani, ko su taru su yi yaɓen masallaci kafin saukar damina, ladansu fura da godiya. Abin da ake kira sansanin aikin sa-kai na ƙasa da ƙasa gayya ce da aka tsallaka iyaka da ita. Mutane goma zuwa ashirin daga ƙasashe dabam-dabam sukan taru a wani gari na tsawon mako biyu ko uku, su kwana wuri ɗaya, su ci daga tukunya ɗaya, su yi aikin da mutanen garin suka nema. An fara wannan tsari a 1920, lokacin da wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna Pierre Ceresole ya tara masu aikin sa-kai, har da Jamusawa, domin gyara wani ƙauye da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ragargaza kusa da Verdun a Faransa, kuma daga nan ne ƙungiyar Service Civil International ta samo asali.

Na zaɓi Gana a wannan jagora saboda ƙasa ce da ɗalibi ko ma'aikaci daga Kano ko Zariya zai iya zuwa cikin hutunsa ba tare da layin biza ba, kuma ba tare da ya sayar da gona ba. Tana da tsohuwar ƙungiyar shirya irin waɗannan sansanoni, wadda aka fi sani da VOLU, da aka kafa tun 1956, shekara guda kafin ƙasar ta sami 'yancin kai. Ga kuma zumuncin da fataken goro suka shimfiɗa tsakanin Kano da Gwanja a arewacin Gana, wanda ya sa har yau ana jin Hausa a zangunan Akra da Kumashi da Tamale. Sai dai tun daga farko mai niyyar tafiya ya sa a ransa cewa mako uku lokaci ne ƙanƙani, kuma abin da zai ƙulla a cikinsa bai kai ɗawainiyar da masu masaukinsa za su yi da shi ba idan bai shirya ba. Dukan matakan da ke ƙasa an gina su ne domin kada baƙo ya zama kaya.

Lokaci da izini

A fara da kalanda. Yawancin sansanoni ana yin su ne a dogon hutun makarantu, tsakanin Yuni da Satumba, sai kuma wasu a ƙarshen shekara. Kudancin Gana yana da damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, alhali arewacinta damina ɗaya yake da ita kamar tamu, daga Mayu zuwa Oktoba, don haka wanda zai je aikin gini a Tamale cikin Agusta ya san cewa ruwa zai cinye masa wasu ranaku. A duba kuma kada tafiyar ta faɗo cikin watan azumi, domin ɗaukar bulo da kwaɓa siminti da ƙishirwa a baki, a cikin ayarin da akasarinsu ba sa azumi, wahala ce da babu dalilin jawo wa kai ita. Ma'aikacin gwamnati ya nemi takardar hutunsa da izinin fita ƙasar waje a rubuce, ɗalibi ya tabbatar ba a matso da ranar komawa makaranta ba, mace kuwa ta daidaita da iyaye ko maigida tun kafin a biya ko sisin kwabo. Wata uku kafin tafiya shi ne mafi ƙarancin lokacin da ya kamata a fara shiri.

Zaɓen ƙungiya

Nan ne ake yawan yin tuntuɓe. A tsarin sansanoni na asali, mutum yakan nemi gurbi ta hannun wata ƙungiya ta ƙasarsa, ita kuma ta miƙa sunansa ga ƙungiyar da za ta karɓe shi. A Najeriya akwai Voluntary Workcamps Association of Nigeria da ke wannan aiki. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna ƙarƙashin wani kwamitin haɗin gwiwa, CCIVS, wanda aka kafa a 1948 da goyon bayan UNESCO kuma yake da ofishi a Paris, saboda haka matakin farko na tantancewa shi ne a duba ko sunan ƙungiyar da ake magana da ita yana cikin jerin membobinsa ko na abokan Service Civil International. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da ke tallata irin wannan tafiya a intanet da hotuna masu ɗaukar ido. An tsara su ne domin matasan Turai da Amurka, farashinsu da dala ko fam yake, kuma kaso mai tsoka na kuɗin a ofishin kamfanin yake tsayawa. A ganina, ɗan Afirka ta Yamma ba shi da bukatar ɗan kamasho na ƙetare tsakaninsa da maƙwabciyar ƙasa.

Kafin a amince, a aika wa ƙungiyar tambayoyi a rubuce, a kuma nemi amsa a rubuce. Wane gari ne za a je, kuma wane ne a garin ya nemi aikin: sarki, kansila, kwamitin makaranta ko wata ƙungiyar mata? Wane ne zai ci gaba da aikin bayan baƙi sun watse? Akwai magini ko kafinta na garin da ake biya yana jagorantar aikin, ko kuwa baƙin ne za su maye gurbinsa? A ina za a kwana, kuma an raba ɗakin maza da na mata? Wane asibiti ne mafi kusa? Tambaya ta biyu da ta uku su ne ma'auni, domin ginin aji da aka bari a matakin linta saboda babu wanda zai rufa shi ba taimako ba ne, kuma aikin da ya hana leburan gari samun na cefane ya cutar da waɗanda aka ce an zo taimaka wa. Ƙungiya ta gaskiya ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi, har ma za ta haɗa mai tambaya da wani da ya halarci sansaninta a bara.

Maganar kuɗi takan ba mutane mamaki: yaya mutum zai yi aiki kyauta kuma ya biya? Dalili shi ne ƙungiyoyin da ke karɓar baƙi a ƙasashenmu ba su da tallafin gwamnati mai ɗorewa, don haka kuɗin shiga shi ne ke sayen abinci da siminti da man mota. Wannan halal ne matuƙar an bayyana yadda ake kashe shi, an kuma ba da rasit da sunan ƙungiya. Abin da ya kamata a guje wa shi ne tura kuɗi cikin asusun wani mutum shi kaɗai, da duk tayin da aka gauraya aikin sa-kai da alkawarin albashi da dala ko samun hanyar tsallakawa Turai. 'Yan sandan Gana sun sha kuɓutar da matasan Najeriya da aka yaudara da alkawarin aiki, aka ƙwace musu fasfo da waya, aka tsare su a gidaje ana tilasta musu damfara ta intanet ko jawo 'yan'uwansu cikin kasuwancin yaudara, wanda sai mutum ya jawo wasu sun zuba kuɗi yake samun nasa. Babu wani jagoran sansani da ke da hurumin riƙe fasfon ɗan sa-kai.

Aikin da za a karɓa da wanda za a ƙi

Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da ba a yarda mutum ya yi a garinsu ba, bai halatta ya yi shi a garin wasu ba. Ɗalibin likitanci da ke aji uku ba zai yi allura ko ya karɓi haihuwa a Gana ba don kawai ya sa farar riga. Likitan da ya ƙware ma sai ya yi rajistar wucin gadi da majalisar likitoci ta ƙasar, haka ma'aikatan jinya da ungozoma suna da tasu majalisar, kuma wannan takarda tana ɗaukar lokaci, don haka a fara nemanta da wuri.

Aikin da nake ba da shawarar a ƙi kai tsaye shi ne zama na 'yan makonni a gidan marayu, duk da cewa shi ne ya fi taɓa zuciya, musamman ga Musulmin da ya san falalar kula da maraya. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa mafi yawan yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su, kuma kuɗin da baƙi ke kawowa ya sa wasu suka mai da buɗe gidan marayu sana'a. Yaro ya shaƙu da baƙo, bayan mako uku baƙon ya tafi, wani ya zo, haka nan ba iyaka. A 2018 Ostareliya ta sa safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'o'in bautar zamani, ita ma gwamnatin Gana ta daɗe tana rufe gidajen da ba su da rajista tana mayar da yara hannun danginsu. Mai son taimakon marayu ya tallafa wa dangin da ke riƙon su. Ayyukan da suka dace da gajeren hutu su ne waɗanda ake iya farawa a gama: dashen itatuwa, yin bulo, fentin ajujuwa, gyaran magudanar ruwa, shirya ɗakin karatu, ko darasin hutu na lissafi da kwamfuta a ƙarƙashin malamin makarantar.

Takardu da lafiya

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shiga wata ƙasa memba ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, muddin yana riƙe da ingantacciyar takardar tafiya da katin rigakafi. Fasfo shi ne ya fi kwanciyar hankali, kuma a tabbatar yana da sauran aƙalla wata shida. Masu karatu daga Nijar su lura cewa ƙasarsu, tare da Mali da Burkina Faso, ta fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, don haka su tuntuɓi ofishin jakadancin Gana kan sharuɗɗan da ke aiki kafin su tashi. A riƙe wasiƙar gayyata a kan takarda, mai ɗauke da adireshin ƙungiya da lambar jagoran sansani, a yi kwafin fasfo biyu, ɗaya a jaka ɗaya a bar shi gida.

Katin rigakafin cutar shawara, wanda kowa ke kira yalo kad, wajibi ne. Ana karɓarsa a ofisoshin kiwon lafiya na tashoshin shiga ƙasa, kamar wanda ke filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, saboda haka wanda ya bari sai ana gobe tafiya ya makara. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Kada a sayi kati ba tare da an yi allurar ba, domin sauron da ke ɗauke da cutar ba ya karanta takarda. Wanda zai je arewacin Gana lokacin zafi ya ƙara da rigakafin sanƙarau. A tafi da gidan sauro, da gishirin haɗa ruwan gudawa, da maganin da aka saba sha a cikin kwalinsa na asali. Ruwan sha na leda yana ko'ina. Kada kuma a yi wanka a tafkin Volta komai zafin rana, saboda tsargiya ta yi katutu a gaɓarsa.

Hanya da guzuri

Daga Legas zuwa Akra jirgi bai fi tafiyar sa'a guda ba. Ta mota nisan bai kai kilomita 500 ba, amma yini guda ake yi, domin iyakoki uku ake ƙetarawa: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao a bakin Lome inda ake shiga Gana. Manyan motocin safa da ke wannan hanya sun fi ƙananan motoci sauƙi ga sabon matafiyi, saboda ma'aikatansu sukan tattara fasfo su kai a buga. A kowace iyaka a duba da ido cewa an buga hatimin fita da na shiga, a kuma karanta yawan kwanakin da jami'in ya rubuta, domin abin da ke kan hatimi shi ake bi. Akwai 'yan kamasho da ke zagaye mai sabon fasfo suna cewa sai ya biya wani kuɗi na musamman, amsar ita ce a nemi rasit cikin ladabi. Hanyar arewa ta Burkina Faso, duk da ta fi kusa a taswira, ba abin bi ba ce a halin tsaron da ake ciki, haka kuma a kauce wa yankin Bawku inda rikicin sarauta ya daɗe yana ci. Idan sansanin yana Tamale, akwai ƙarin tafiyar kusan kilomita 600 daga Akra ta Kumashi.

A lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin shiga sansani, kwana biyu a masauki a Akra, kuɗin kati da yawon ƙarshen mako, sannan a ware wani kaso da ba za a taɓa ba sai ta ɓaci, wanda zai isa kuɗin asibiti da na komowa. Benin da Togo sefa suke kashewa, Gana kuwa sidi, kuma bai kamata a dogara da katin banki na naira kaɗai ba. A riƙe 'yan daloli a canza a shagon canji mai lasisi. Da an isa a sayi layin waya da fasfo, domin hada-hadar yau da kullum a Gana ta koma kan tura kuɗi ta waya, abin da suke kira MoMo. Agogon Gana yana bayan na Najeriya da sa'a guda, lambar neman agajin gaggawa kuma 112 ce. Wani gargaɗi da ya shafi Bahaushe musamman: kada a ɗauko 'yan kaya da niyyar a sayar a mai da kuɗin mota. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma rufe shagunan 'yan Najeriya da aka sha yi a Akra da Kumashi ya isa ishara.

Zaman sansani

Kwanakin farko na gaisuwa ne, kuma kada a ɗauke su ɓata lokaci. Za a kai ayari gaban sarkin gari, inda a ƙasar Ashanti ba a yi wa sarki magana kai tsaye sai ta bakin kakakinsa, a ƙasar Dagomba kuwa goro ake miƙawa, abin da ba sai an koya wa Bahaushe ba. A wasu fadojin kudu ana zuba giya a ƙasa domin kakanni, Musulmi ya tsaya cikin natsuwa ba tare da ya shiga ba kuma ba tare da ya ɓata fuska ba. Idan aka shiga taro ana gaisawa daga dama zuwa hagu, kuma miƙa abu da hannun hagu abin kunya ne kamar yadda yake a gida.

Kwana yawanci a ajin makaranta ne a kan tabarma ko 'yar katifa, wanka da bokiti, girki da ɗiban ruwa kuma bi da bi ake yi, namiji da mace, babu wanda aka ɗauke wa. Tun ranar farko a gaya wa jagora lokutan salla da batun Juma'a, domin ranar aiki ce a Gana, a kuma bayyana cewa ba a cin naman alade, a nemi a riƙa sayo nama daga mahautan zango. Wanda ya yi niyyar zaman fiye da kwana huɗu a wuri ɗaya, a mazhabar Malikiyya, sallarsa cikakkiya ce, ƙasaru na kan hanya ne kawai. Abinci ba zai zama baƙo sosai ba: waakye shinkafa da wake ce kuma sunan ma daga Hausa ya fito, tuwon zafi shi ne abincin arewa, koko da ƙosai kuwa har a Akra da sunan Hausawa ake sayar da su. Kenke da banku, irin tuwon ƙullun masara, masu tsami ne, ciki yakan ɗauki 'yan kwanaki kafin ya saba.

A wurin aiki, maginin garin shi ne shugaba ko da baƙo yana da digirin injiniya. A fito kan lokaci, a sa takalmi mai rufi da safar hannu, a yi aikin da aka ba mutum ko da tura baro ne. Jin Hausa zai ba ɗan Najeriya fifiko a kan sauran baƙi, zai zama tafinta a kasuwa da tasha, amma akwai tarko a ciki: sauƙin zama da 'yan zango yakan janye mutum daga ayarinsa har ya zama baƙo a sansanin da ya zo dominsa. Kuma kada a ɗauka duk mai jin Hausa Bahaushe ne, domin zango ya tara Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Wangarawa da Kotokoli, kowa da asalinsa da yake alfahari da shi. Kada a ɗauki hoton yaro ko na cikin gidan mutane a sa a Facebook sai da yardar iyaye, kada kuma a raba wa yara kuɗi ko alewa a kan titi. Mai kyauta ya miƙa ta ga shugaban makaranta a gaban jagora.

Ranakun hutu a yi amfani da su. Daga Tamale ana zuwa Salaga, tsohuwar kasuwar goro da bayi inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya zauna ya koyar, ana kuma zuwa tsohon masallacin Larabanga da gandun dajin Mole da ke kusa da shi. Wanda ke kudu ya ga kurkukun bayi na Cape Coast da Elmina, ya yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda a Akra, wanda aka buɗe a 2021.

Rabuwa

Kwana biyu kafin tashi a zauna da jagora da wakilin gari a rubuta abin da aka gama, da abin da ya rage, da kayan aikin da aka bari da wanda aka danƙa wa. A nan ne baki yakan yi saurin alkawari: zan turo kwamfuta, zan nema maka gurbin karatu a Kano, zan dawo baɗi. Mutanen gari suna riƙe irin waɗannan kalmomi, kuma ƙungiyar ce za ta sha tambaya bayan mai alkawarin ya ɓace, don haka abin da ba a da tabbacin cikawa a bar shi a zuci. A karɓi takardar shaidar halarta mai hatimi, a biya duk bashin mai shago da mai wanki, a bar gidan sauro da safar hannu ga wanda zai amfana. A Aflao ko filin jirgi a tabbatar an buga hatimin fita kafin kwanakin da aka rubuta su cika. Bayan an iso gida, duk zazzaɓin da ya taso cikin makonnin farko a je asibiti a yi gwaji, a kuma gaya wa likita garin da aka zauna da irin ruwan da aka shiga.